Tuta, Maigadi da Ƙofar Gaggawa: Sharhi Kan Kula da Gine-ginen Gwamnati a Nijeriya

Duk lokacin da gobara ta tashi a wani ofishin gwamnati a Nijeriya, maganar da ta fi saurin yaɗuwa ita ce da gangan aka cinna wutar don a ɓatar da sawun almundahana. Haka aka ce a Afrilun 2020 da wuta ta kama ofishin Babban Akanta na Tarayya a Abuja, haka aka sake cewa a Satumban 2023 da ta kama wani sashe na Kotun Ƙoli. Zargin ya daɗe, domin tun gobarar dogon benen kamfanin sadarwa na NET a Legas a Janairun 1983 jama'a suka daina yarda da bayanin hukuma a kan irin wannan wuta. Sai dai zargin yakan rufe wata tambaya da ta fi kusa da rayuwar ma'aikaci da ta mai zuwa neman fayil ɗinsa: ko da wayar lantarki ce ta haddasa wutar, wa aka koya wa abin da zai yi a mintuna biyar na farko, kuma a hannun wa makullin ƙofar baya yake?

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a wannan tambaya, waɗanda aka saba kallon kowanne shi kaɗai: horar da ma'aikata kan kare kai daga haɗari, aikin masu tsaron gini, da ladabin tutar ƙasa. A takarda kowanne da hukumarsa da kasafinsa. A bakin ƙofar sakatariya kuwa mutum ɗaya ne yake riƙe da dukkansu, wato maigadi.

Fayyace kalmomi

Tsaro, a wannan sharhi, shi ne kare gini da mutanen cikinsa daga wanda ya zo da mugun nufi: ɓarawo, mai ɗauke da bam, ko gungun masu tarzoma. Kariya daga haɗari kuma ta shafi cutarwar da babu mai nufin ta, kamar gobara, jan lantarki, faɗuwa daga matakala, rushewar silin, ko shaƙar hayaƙin janareta. Bita ita ce zaman koyarwa a aji, da malami da takardu. Atisaye shi ne gwaji a aikace, inda za a buga ƙararrawa kowa ya tashi ya fita kamar da gaske ne. Ƙofar gaggawa ita ce mafitar da aka tanada domin ranar da babbar ƙofa ba za ta biyu ba, wurin taruwa kuma fili ne da aka ware a wajen gini inda kowa zai tsaya a ƙirga shi. Inbata na'ura ce da ke adana lantarki a batura ta sake shi idan an ɗauke wuta. Ladabin tuta kuwa shi ne ƙa'idojin ɗaga ta, sauke ta, jera ta da wasu tutoci, da abin da ake yi da ita idan ta tsufa.

Abin da doka ta tanada wa ma'aikaci

Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta tabbatar an kiyaye lafiya da walwalar duk mai aiki. Matsalar ita ce sashen yana cikin babi na biyu, babin manufofin ƙasa, wanda ba a cika iya kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye ba. Babbar dokar da ta yi bayani dalla-dalla kan iska, haske, hanyar tsira daga gobara da akwatin taimakon gaggawa ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, kuma kamar yadda sunanta ya nuna, masana'anta ta sa a gaba. Ofishin da ake aikin biro da kwamfuta bai shiga cikinta sosai ba. Ga giɓin da yawancin ma'aikatan gwamnati suka faɗa ciki ke nan. An fitar da Manufar Ƙasa kan Kariya da Lafiya a Wurin Aiki a 2006, aka sabunta ta a 2020, kuma ta shafi kowane wurin aiki, amma manufa ba ta da haƙoran da doka ke da su. A waje kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994, kuma a 2022 ƙungiyar ta sanya wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci.

Dokar da ta fi amfanar ma'aikaci kai tsaye, kuma wadda da yawa ba su san ta ba, ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a kan hanyarsa ta zuwa ko dawowa, yana da haƙƙin magani da diyya, idan ya rasu kuma iyalinsa ne ke karɓa. Akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ofis cikin kwana 14, ofis kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Rashin sanin wannan wa'adi kaɗai ya isa ya jefa iyali cikin zirga-zirgar da ba ta da amfani, saboda haka ya kamata ya zama darasin farko a kowace bita.

Bita da atisaye

Ba a rasa bita a aikin gwamnati. Abin dubawa shi ne wa ake turawa. Sau da yawa manyan ma'aikata ne ke tafiya otal a wani gari su kwana biyu ko uku, su karɓi alawus da satifiket su dawo. Masinja, mai shara, mai kula da janareta da maigadin dare, waɗanda su ne ke cikin ginin da asuba da bayan an tashi daga aiki, ba a cika ganin sunansu a jerin ba. Masu kare wannan tsari suna cewa shugaban sashe ne ke yanke shawarar sayen kaya da gyara, don haka shi ya fi cancanta ya fahimci haɗarin. Wannan gaskiya ne a fannin kasafi. Amma wuta ba ta jiran darakta ya iso ofis.

Abin da ake bukata a koya bai da yawa, kuma ana iya koyar da shi a harabar ofis cikin yini ɗaya. A ɗauki jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango. A wuyan mai ɗauke da hoda akwai ɗan agogo, idan allurarsa ta bar koren wuri to tukunyar ba ta da ƙarfin feshi. A jikinta akwai takardar da ke nuna ranar da aka duba ta na ƙarshe. Mai amfani da ita zai zare ƙusar da ke kulle mariƙin, ya auna bakin tiyo a gindin wutar, ya matsa, ya riƙa kaɗawa dama da hagu. Wanda bai taɓa yi ba yakan fesa a saman harshen wutar har hodar ta ƙare cikin ƴan daƙiƙoƙi. Sannan ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Ruwa a kan wutar lantarki yana iya kashe mai zubawa, a kan man dizal ko fetur kuma yaɗa ta yake yi. Ofisoshinmu cike suke da waɗannan biyun: ɗakin janareta da jarkokin mai a gefe, ɗakin batura a ƙarƙashin matakala, da soket ɗaya da aka jona wa firji da butar shayi da na'urar buga takardu. A lokacin hunturu, da komai ya bushe, tarin fayil a saman kabad ba ya ɗaukar lokaci.

A gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Shi ya sa ake koya wa mutum ya sunkuya ƙasa inda iska ta fi tsabta, ya rufe ƙofa a bayansa, ya bi matakala ya bar lifta. Gobarar benen Afriland a Legas ranar 16 ga Satumban 2025 ta taso ne daga ɗakin inbata a ƙasan ginin, hayaƙi ya haura benaye, mutum goma suka rasu, huɗu daga cikinsu ma'aikatan hukumar tara haraji ta tarayya da ke da ofis a ciki. Ginin na ƴan kasuwa ne, wanda ke tuna mana cewa ma'aikatan gwamnati da yawa a gidajen haya suke aiki, kuma wajibi ne a san tun farko ko mai gida ne ko ɗan haya ke da alhakin ƙararrawa da atisaye.

Atisaye ne kaɗai ke fallasa abin da takarda ke ɓoyewa: ƙararrawar da ba ta kaiwa bene na uku, matakalar da aka cika da tsofaffin kujeru, ma'aikaci mai keken guragu da babu wanda aka ɗora wa alhakin sauko da shi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, kuma hanyar shiga ita ce hanyar fita ranar tashin hankali. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ƴan kwana-kwana na jihohi suna da aikin duba gine-gine da koyarwa, sai dai ofis ne zai buɗe musu ƙofa ya kuma aiwatar da abin da suka rubuta.

Wa ke gadin ginin

Fuskar gine-ginen gwamnati ta canza a 2011. A ranar 16 ga Yunin shekarar bam ya tashi a hedikwatar ƴan sanda ta ƙasa a Abuja, a ranar 26 ga Agusta aka kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. A ranar 20 ga Janairun 2012 aka kai jerin hare-hare kan ofisoshin ƴan sanda, na shige da fice da na jami'an tsaro na farin kaya a Kano, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Daga nan aka ga shingayen kankare, buhunan yashi, madubin duba ƙarƙashin mota, da rufe ƙofofi a bar guda ɗaya.

Masu tsaron kashi-kashi ne, kuma jama'a kan rikita su. Akwai ƴan sanda. Akwai jami'an Sibil Difens, hukumar da doka ta kafa a 2003 aka faɗaɗa ikonta a 2007, wadda ke kare kadarorin ƙasa kuma take ba kamfanonin gadi lasisi da sa musu ido. Akwai jami'an tsaro na farin kaya, wato DSS, a manyan wurare. Akwai tsofaffin sojoji na ƙungiyar Lijiyon. Amma wanda ya fi yawa, wanda ke buɗe ƙofa ya miƙo littafin baƙi, ma'aikacin kamfanin gadi ne mai zaman kansa. Wannan ya samo asali ne daga garambawul na zamanin Shugaba Obasanjo, lokacin da aka cire masu gadi da masu shara daga jerin ma'aikatan tarayya aka miƙa ayyukansu ga ƴan kwangila.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Masu goyon baya na cewa an rage wa gwamnati nauyin albashi da fansho, kuma kamfanin da bai yi aiki ba ana iya sallamar sa. Masu suka na cewa kuɗin da gwamnati ke biya a kan kowane maigadi ba shi ne ke isa hannunsa ba, albashin kan makara, wani lokaci ma bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, kuma mutum kan bar aikin da zarar ya samu wani. A ganina ra'ayi na biyu ya fi nauyi a fannin da muke magana. Tsohon maigadi da ya shekara ashirin a ma'aikata ya san kowace fuska, ya san inda babban makunnin lantarki yake. Wanda aka kawo watan jiya, za a kuma canza shi wata mai zuwa, bai san ko ɗaya ba, kuma babu wanda zai kashe kuɗin horar da shi.

Akwai kuma muhawarar makami. Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986 ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Wasu na ganin a sassauta, tunda mai kulki ba zai tare ɗan bindiga ba. Wasu na tsoron ƙara yawan makamai a hannun mutanen da ba a tantance su sosai ba kuma ba a biyan su da kyau. Abin da ɓangarorin biyu kan manta shi ne yawancin aikin maigadi lura ne da kai rahoto, kuma wannan na bukatar waya mai kati, lambar ofishin ƴan sanda mafi kusa, lambar gaggawa ta 112, da tabbacin cewa idan ya tsayar da motar wani babba don bincike ba zai rasa aikinsa ba. Binciken da ake yi wa mai babur a ɗaga wa mai baƙin gilashi hannu ba ya tsare kowa.

Inda tsaro ke karo da kariya

Nan ne aka fi samun ruɗani. Mai tsaro yana son ƙofa ɗaya, tagogi masu ƙarfe, da kwaɗo a kowace mafita. Mai kula da kariya yana son ƙofofi da yawa da za su buɗe da turawa ɗaya. Kowannensu yana da hujja, kuma idan ba a zaunar da su tare ba, mai kwaɗo ne ke yin nasara, domin sata ana ganin ta kowane wata, gobara kuwa sai an shekara ba a gani ba. Sakamakon shi ne ƙofar gaggawa da aka ɗaure da sarƙa, makullin yana aljihun wanda ya tafi masallaci ko ya tafi hutu, da shingen kankare da zai hana motar ƴan kwana-kwana kusantar gini.

Maganin sananne ne a aikin gini: ƙofar da ba ta buɗuwa daga waje amma tana buɗuwa daga ciki da an tura sandar da ke jikinta, ƙarfen taga mai sakata aƙalla ɗaya a kowane ɗaki, da shingen da ake iya janyewa. Littafin baƙi ma yana da amfani biyu. Idan ana rubuta shiga da fita da gaske, shi ne zai nuna a wurin taruwa ko akwai wanda ya rage a ciki.

Tuta da ladabinta

Tuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A zamanin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da tutoci ga irin su Modibbo Adama, Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe, kuma karɓar tuta na nufin an ba mutum izini an kuma ɗora masa amana. Tutar da ke gaban sakatariya ma abin da take faɗi ke nan: wannan gini na al'umma ne, kuma akwai wanda zai amsa tambaya a kansa.

Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana tutar Nijeriya a 1959 yana ɗalibi a Landan. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta, aka ɗaga kore da fari da kore a ranar 1 ga Oktoban 1960. Ya rasu a Agustan 2023. Sashe na 24 na Tsarin Mulki ya sanya girmama tuta da taken ƙasa cikin wajiban ɗan ƙasa, Dokar Tuta da Tambarin Ƙasa, wadda asalinta na 1960 ne, ta mai da ɗaga tuta yagaggiya ko mai datti laifi. Tarar da ta yanka naira 100 ce, kuɗin da a yau bai sayen ko igiyar tutar.

Ƙa'idojin da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ke koyarwa, da waɗanda aka saba a duniya, ba su da wuya. A ɗaga ta da safe a sauke ta da faɗuwar rana. Kada ta taɓa ƙasa. Kada tutar jiha, ta ma'aikata ko ta jam'iyya ta fi ta tsawo ko girma. Idan an jera ta da ta wata ƙasa, girmansu da tsayin sandunansu su zama ɗaya. Kada a yi rubutu ko zane a jikinta. Idan ta koɗe ko ta yage a canza ta, tsohuwar kuma a kawar da ita cikin mutunci, kada a mai da ita tsumman goge tebur.

An fi yin kuskure wajen sassauto da ita lokacin makoki. Gwamnati ce ke ba da wannan umarni, kamar yadda aka yi na kwana bakwai bayan rasuwar tsohon Shugaba Muhammadu Buhari a Yulin 2025. Ana fara kai ta ƙololuwar sanda, sannan a sassauto da ita, da yamma kuma a sake kai ta sama kafin a sauke. Tutar da igiyarta ta saki ta zame da kanta tana ba masu wucewa labarin rasuwar da ba a yi ba. Kowace ƙasa da al'adarta: Saudiyya ba ta sassauto da tata saboda kalmar shahada da ke jiki.

Wasu na cewa maganar tuta shagala ce a ƙasar da ake fama da tsadar abinci, wasu kuma na neman a ƙara tarar sosai. Abin da ya faru a Agustan 2024 ya nuna batun bai da sauƙi haka. A zanga-zangar tsadar rayuwa an ga matasa a Kano da Kaduna ɗauke da tutar Rasha, hukumomin tsaro suka kira hakan cin amanar ƙasa, har aka kama teloli. A kwanakin ne kuma aka fasa wasu gine-ginen gwamnati a Kano aka kwashe kaya, ciki har da harabar babbar kotun jiha. Hukumar da ke son matashi ya girmama tuta sai ta fara duba wadda ke rataye a ƙofarta. Ƙarin tara ba zai yi tasiri ba matuƙar mafi yawan yagaggun tutoci a gaban ofisoshin gwamnati da makarantunta suke.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka ci gaba a haka, haɗarin ƙaruwa zai yi. Gine-ginen da aka yi a shekarun 1970 da 1980 an ja musu waya ne daidai da fanka da fitila, yanzu kuma suna ɗauke da na'urorin sanyaya ɗaki, kwamfutoci, faifan sola da batura. Asarar ba ta tsaya ga rai da gini ba. Fayil ɗin fansho, takardar fili da shaidar da aka ajiye a kotu, idan suka ƙone babu kwafi a kwamfuta, talaka ne ke shekaru yana zarya. Kowace gobarar da ba a fitar da rahoton bincikenta ba kuma tana ƙara wa zargin ƙona hujja ƙarfi, ko da lantarki ne sanadi.

Gyaran da ya fi sauri ba ya jiran sabuwar doka. Babban sakatare na iya naɗa jami'i ɗaya mai suna da lambar waya da zai amsa tambaya kan ginin gaba ɗaya, daga tukunyar kashe gobara zuwa igiyar tuta. Ana iya rubuta cikin kwangilar gadi cewa ba za a biya kamfani ba sai ya nuna shaidar biyan albashi, rajista da NSITF, da horar da kowane maigadi kan gobara, taimakon gaggawa da ɗaga tuta, cikin harshen da yake ji. Ana iya sanya atisaye sau biyu a shekara, ɗaya kafin shigowar hunturu, tare da ƴan kwana-kwana, kuma manya su fito su tsaya a wurin taruwa kamar kowa. Abin da ya rage wa Majalisar Tarayya shi ne dokar da za ta ɗauki ofis a matsayin wurin aiki kamar masana'anta, ta ba masu duba gini ikon rufe na gwamnati idan ya gaza, ta kuma wajabta bayyana rahoton kowace gobara ga jama'a.